Maiwada Jikan Sarkin Rake

Duk wanda ya taɓa cin tuwo a gidan Gogo da ke unguwar Al-Oud a Riyad ya san Maiwada, ko bai riƙe fuskarsa ba ya riƙe muryarsa. Direban wani gidan Larabawa ne a arewacin Riyad, shekararsa tara da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar. A tuƙi ba shi da laifi, bakinsa ne kawai ba ya da birki. In ka ce ka taɓa hawa raƙumi, to shi ya taɓa koya wa raƙumi tafiya da baya.

Ita kuwa Gogo tsohuwa ce 'yar Najeriya da ta shekara arba'in a ƙasar nan. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci takan tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka, mutanenmu su cika ɗakin baƙinta, ita tana zaune a bakin ƙofa tana jin hira. Bayan labule kuma akwai 'yarta Hajar, bazawara, ma'aikaciyar wani kantin magani, wadda aka haifa a Riyad, Larabci ya fi mata Hausa sauƙi a baka. Wata bakwai Maiwada yana so ya furta cewa yana son ta. Magana, wadda ba ta taɓa gagarar sa ba tun da aka yaye shi, a nan ta gagare shi.

Wata Juma'a Gogo tana motsa kunu da farin sukari, sai ta yi tsaki.

"Wannan sukarin nasu zaƙi ne tsirara, ba ƙamshi ba komai. Wayyo mazarƙwaila! Rabona da ita tun ina da haƙora duka."

Daga bayan labule Hajar ta ce, "Mazar... mazar me, Yumma?"

Jin muryar nan sai Maiwada ya ajiye lomar da ya ɗauko.

"Hajiya, ina zaune kike kukan mazarƙwaila? Ai kin ci mutuncina. Kakana shi ne Sarkin Raken Maƙarfi. Ni da kike gani a kan tuƙar rake aka yanke mini cibiya. Ina ɗan shekara bakwai nake tsayawa a kan kasko, manya na gefe suna kallo."

"Ikon Allah," in ji Gogo. "Ashe?"

"Ranki ya daɗe, ko da ido rufe. In na shinshina hayaƙi daga nesa, sai in gaya miki saura minti nawa ta kama."

"To ai ta zo gidan sauƙi. Juma'a mai zuwa sunan jikana ne, ɗan wajen Zayyanu, mun kama hayar istiraha, wato gidan biki, a bayan gari."

"An gama! Guda hamsin. A gaban jama'a zan dafa. Kuma da hannu zan matse raken, irin na kakanni. Inji kashe ɗanɗano yake yi."

Aka yi ta sa masa albarka. Malam Mustapha, dattijon da ke ja musu salla in sun taru, ya ce shi ma a ajiye masa biyu.

Gaskiyar magana ita ce, a Tudun Wadan Zariya aka haifi Maiwada, kuma babansa gyaran agogo yake yi. Abin da ya sani game da mazarƙwaila shi ne matakinta na ƙarshe, wato inda take shiga baki. Suna fitowa daga gidan ya ce a ransa, "Kai Maiwada, wa ya aike ka?" Amma kafin su kai kwanar layi shi kansa ya fara yarda da kakan nan, har ya yi masa farin gemu da sanda.

Abokinsa Dawuda, mutumin Maraɗi mai gadin wani bene a nan Al-Oud, ya dube shi a kaikaice.

"Maiwada, shekara shida muna tare, ban taɓa jin kakan ga ba."

"Ka taɓa tambayata?"

Maiwada ya buɗe waya ya nemo bidiyon masu yin mazarƙwaila a ƙauye. Ya ga doki yana zagaye yana juya injin ƙarfe, ana cusa rake, ruwa yana kwarara cikin tukunya. Ya kalli minti ɗaya ya kashe.

"Doki ne kawai ba ni da shi," in ji shi.

Allah ya taimake shi, ko kuma ya jarrabe shi, kafil ɗinsa, wato maigidan da yake wa tuƙi, ya kwashe iyali sun tafi Abha hutu, aka bar masa babbar mota da makulli. Ranar Laraba da hantsi ya ɗauki Dawuda suka nufi kasuwar Batha, wurin wani Bamisire mai sayar da ruwan rake. Maiwada ya shiga zaɓen kara yana ƙwanƙwasa kowanne yana kai shi kunne, kamar mai sauraren waya.

"Wannan namiji ne, ba ya da ruwa. Wannan mace ce, sa ta a gefe."

Bamisiren ya dubi Dawuda, Dawuda ya dubi silin. Da aka haɗa dami uku, Bamisiren ya nuna injinsa.

"Ya basha, minti goma in matse maka duka, ka tafi da ruwanka."

Zuciyar Maiwada ta ce masa, "Karɓa, don girman Allah karɓa." Amma Dawuda na tsaye.

"Inji? Gaya masa, Dawuda, a gidanmu wanda ya kai rake inji ba a ba shi mata."

"Gaya mishi da kanka, ka hi ni Larabci." Maiwada kuwa ya maimaita wa Bamisiren da Larabci.

Suka hau da raken saman benen da Dawuda ke gadi. Maiwada ya ɗauko wuƙa zai fere karan farko, ya ce a matsa baya domin hannunsa na da sauri. Hannun kuwa ya yi sauri, sai dai ba raken ya samu ba. Aka naɗe babban yatsa da tsumma. Dawuda ya karɓi wuƙar ya feffere kara goma, Maiwada na gefe yana gyara masa riƙo.

Sun aro turmi da taɓarya wurin wata 'yar Damagaram a layin baya. Maiwada ya zuba gutsattsarin rake ya ɗaga taɓarya har sama. Dukan farko, guntu ɗaya ya yi tsalle ya tsallake katanga ya faɗa titi. Duka na biyu, ruwa ya fantsamo masa cikin ido. Kafin na ashirin wani Bayamane da ke zaune a hawan ƙarshe ya hauro da zane a ƙugu yana tambaya ko rushe ginin ake yi, domin fanka ta fara rawa a ɗakinsa.

Suka koma matsa da hannu. Aka juye dakakken raken cikin zanen gado, Maiwada ya kama gefe, Dawuda ya kama gefe, suka yi ta murɗawa har jijiyoyin wuya suka fito. Da aka auna abin da ya taru daga kara goma, kofin shayi biyu ne da ɗan kaɗan. Dawuda, da ƙishi ya ishe shi, ya ɗaga kofi ɗaya ya shanye.

"Kai! Ka shanye rabin sunan!"

"To mi za a yi da shi? Wanga ko jaririn ba ya isa."

Maiwada ya zauna a inuwar tankin ruwa yana haki. Can sai ya miƙe zumbur.

"Dawuda, mene ne doki?"

"Dabba."

"Ƙarfi ne. Motar kafil doki nawa ce a cikinta? Ɗari uku da wani abu. Kakana da guda ɗaya ya yi suna."

Bayan la'asar suka sauko da dami guda zuwa lungun bayan benen. Aka shimfiɗa leda mai kauri, aka jera rake a kai, aka ɗora katako, aka karkata bakin ledar cikin bokiti. Maiwada ya shiga mota ya leƙo ta taga.

"In ka ga ruwa ya fara zuwa, ka riƙe bokitin da kyau, kar ya fi ƙarfinka."

Ya taka a hankali. Katako ya yi ƙara. Ya ƙara wuta. Ruwa kuwa ya zo, amma bai san da zancen bokiti ba. Ya yi feshi ta gefe, ya tsallake Dawuda, ya sauka a kan fararen jallabiyoyi guda takwas da wani Bapakistane mai wanki da guga ya rataya a ƙofar shagonsa. Katakon ya tsage biyu, kara ɗaya ya fito ta baya kamar kibiya ya shige ƙarƙashin wata tasi.

Mai wankin ya fito da dutsen guga a hannu. Abin da ya faɗa da Urdu ba wanda ya fahimta, amma ba wanda ya nemi fassara. Har magariba Sarkin Rake na tsugune a bayan shago yana cuɗa jallabiyar mutane da yatsa tara. Tayoyin motar kuwa, duk inda ya bi sai sun kwashi leda da takarda, har da takalmin soso ƙafa ɗaya.

Ranar Alhamis da safe ya sa takunkumi da baƙin tabarau, ya loda sauran raken, ya koma Batha shi kaɗai. Ya sassauta murya ya ce a matse masa.

Bamisiren ya leƙa fuskarsa. "Ahlan, ya basha! Yau ba a son mata?"

"Matsa kawai, ya ammi. Kuma ba ka gan ni ba."

Aka cika masa jarka biyu. Bamisiren ya ce, "Ka sha yau, ko ka sa a firji. Wannan ba ya kwana."

"Ni za ka koya wa rake?"

Firjin da yake da shi na ɗakin Dawuda ne, in ya kai can kuwa asiri ya tonu. Don haka ya ɗaure bakin jarkokin tamau, ya tura su bayan mota, ya lulluɓe da bargo don kar ido ya gani, ya ajiye motar a rana. Watan Yuni ne, a Riyad. Da ya haɗu da Dawuda ya ce masa aiki ya kammala.

"Yaushe? Da mi?"

"Sirrin gida ne. Ba a yi a gaban bare."

Juma'a bayan masallaci istiraha ta cika. Maza wajen sittin a kan darduma ƙarƙashin rumfa, mata a can ɓangarensu bayan katanga, ƙamshin shinkafa da naman rago ya tashi. An raɗa wa yaro suna tun da safe, yanzu jira kawai ake a ga aikin Maiwada. An kafa masa murhun gas da babbar tukunyar da ake dafa shinkafar kabsa a tsakiyar fili, an jera ƙananan tasoshi hamsin da Gogo ta aiko.

Ya fito cikin farar shadda sabuwa dal. Ya fara da jawabi. Ya yi bayanin yadda kakansa ke tashi tun asuba, yadda 'yan kasuwa ke zuwa daga Agadas su yi layi, yadda wani Bature ya yi kuka da hawaye da ya ɗanɗana. Sannan ya ce a ɗauko jarkoki.

Dawuda ya dawo da su yana riƙe da su nesa da jikinsa.

"Maiwada, waɗanga sun kumbura. Kamar akuya mai ciki."

"Albarka ce. Ruwan kirki ƙaruwa yake yi."

Ya durƙusa ya ce bismilla, ya murɗa murfin. Bai kai rabi ba murfin ya ƙwace. Aka ji fau! Murfi ya tashi ya tuɓe wa Malam Mustapha hula, kumfa ta yi sama kamar an fasa famfo, ta dawo ta sauka a kan farar shadda da sahun gaba gaba ɗaya.

Sai wari ya fara zagayawa. Mutane suka shiga duban juna, kowa na jiran wani ya fara faɗa, domin duk wanda ya riga gane warin nan sai an tambaye shi inda ya san shi.

Malam Mustapha ya ɗauki hularsa ya shinshina, ya yi gyaran murya.

"To, ni dai Allah ya sani ban taɓa sha ba. Amma na taɓa wucewa ta Sabon Gari."

"Haba Malam!" in ji Maiwada, kumfa na ɗiga daga gemunsa. "Ƙamshin asali ke nan. Kun daɗe a ƙasar waje ne, hancinku ya manta. Da ya ji wuta zai daidaita."

Ya buɗe ta biyun da dabara, ya juye duka cikin tukunya, ya kunna gas har ƙarshe. Warin da ke tsakiyar fili ya samu abin hawa. Ya bi tururi ya shiga rumfa, ya tsallaka wurin mata, aka ji suna tari suna salati. Kumfa ta taso. Maiwada ya kama ludayi yana kwashewa, yana kwashe ɗaya tana haifar uku. Ta cika tukunya, ta gangaro, ta kashe wutar, ta bi ƙasa ta nufi takalman jama'a.

Daidai nan mai gadin istirahar, wani dogon Basudane, ya shigo a guje yana toshe hanci.

"Ya jama'a! Giya? A nan? Ranar Juma'a? Wallahi yanzu zan kira shurɗa!"

Mu dai mun san kanmu. Bahaushen da ke zaune a ƙasar nan, ko iƙamarsa ta fi ta kowa kyau, in ya ji an ce shurɗa, wato 'yan sanda, sai ƙafarsa ta yanke hukunci kafin kansa. Mutum sittin suka miƙe lokaci guda. Wani ya fita da takalmi ƙafar dama biyu. Wani mai teɓa ya maƙale a ƙaramar ƙofa, na baya suna tura shi suna ba shi haƙuri. Zayyanu, uban jariri, ya riƙe Basudanen yana rantse-rantse da Larabci. Wani kuma da ya kai bakin ƙofa ya tuna da cinyar rago, ya dawo ya ɗauka, sannan ya ci gaba da gudu.

Maiwada ya so ya gudu, amma takalmansa sun manne a ƙasa. Ya tsaya da ludayi a hannu, yana hango kansa a jirgi an mayar da shi gida, ana nuna shi a Tudun Wada ana cewa ga wanda ya je ƙasa mai tsarki ya buɗe gidan burkutu.

"Kowa ya tsaya inda yake!"

Gogo ce ta fito daga wurin mata tana dogara sanda. Ta yi wa Basudanen magana da Larabcin da ya fi nasa kauri, ta ce ruwan rake ne ya lalace, in bai yarda ba ga jarkokin nan ya zo ya duba. Ya mayar da waya aljihu. Masu gudu suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, kowa na cewa shi dama alwala ya je.

Ta karɓi ludayin ta ɗebo ta shinshina.

"Ɗan nan, yaushe aka matse wannan?"

"Jiya, Hajiya. Da hantsi."

"A ina ya kwana?"

"A... a mota."

"Cikin bargo," in ji Dawuda, wanda ba a tambaye shi ba.

Gogo ta girgiza kai. "Ruwan rake daga matsa sai kasko. Ko sallar azahar ba a bari ya jira. A dafa shi a hankali, ana kwashe datti, ana juyawa har ya yi kauri ya fara jan zare, sannan a zuba a tasa. Ni a Anchau aka haife ni, a gindin kasko. Ubana shekara talatin yana wannan sana'a, ni ke jera masa tasoshi. Kuma duk masu rake na ƙasar Maƙarfi ba wanda bai sani ba. Ya sunan kakan naka?"

Maiwada ya buɗe baki. Sunaye uku suka zo masa, masu kyau kuwa. Ya dubi shaddarsa, ya dubi mutum sittin, ya ga gefen mayafi a bakin ƙofar mata. Ya haɗiye su duka.

"Hajiya, babana gyaran agogo yake yi a Tudun Wada. Kakana kuma ban same shi da rai ba, amma an ce dukanci ya yi. Ni ko rake sai an fere mini."

Dariyar da aka yi har Basudanen sai da ya zauna a ƙasa, shi da bai ji Hausa ba. Malam Mustapha yana share hawaye da hular da ke warin tsami.

"To Hajiya," in ji Maiwada a sanyaye, "tunda kin sani tun ranar, me ya sa ba ki tsayar da ni ba?"

"Shekara arba'in ina ƙasar nan ban ga wasan kwaikwayo na kirki ba. In tsayar da kai in kalli me?"

Aka sa shi wanke tukunya da fili. Jama'a suka koma kan shinkafa, shi yana can gefe da tiyo da tsintsiya, ya naɗe shadda har gwiwa, duk wanda ya wuce sai ya ce, "Sannu da aiki, Sarki." Yana amsawa, domin ba yadda zai yi.

Can wajen la'asar Dawuda ya zo da faranti a rufe.

"Daga wurin mata. Hajar ta ce a ba ka."

Maiwada ya goge hannu ya buɗe. Rake ne, ragowar kara ɗaya da aka tsinto a mota, an fere shi tas, an yayyanka ƙanana-ƙanana daidai baki.

"Ta ce wani abu?"

"Ta ce wai ka ci a zaune. Kuma kar ka dahwa shi."

Maiwada ya zauna a kan jarkar da ya kifa, ya jefa guda a baki, ya tauna a hankali yana kallon masu cin shinkafa. Ya tsotse, ya tofar da tuƙa, ya ɗauki na biyu. Sannan ya gyara zama ya ɗaga murya yadda na rumfa za su ji.

"Dawuda, ƙirga mutanen wurin nan. Sittin ne ko ba sittin ba? To a cikinsu duka, wa aka yanka wa rake?"